Saniyar da Ta Fito Amarya

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan bisa cinya tukuna. Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da yake akwai saniya a ciki, akwai amare, akwai dattawa a gindin itace. Labarin aikina ne. Ni ke faɗa, ɗiyata Murja ke rubutawa, don ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya ɗorawa a takarda.

Sunana Abu, amma a Dutsin-Ma in ba ka ce Iya Mai Hoto ba, ba mai nuna maka shagona. Ina jin ku, ku samari da 'yammatan da ke zuwa neman koyo, kuna cewa wankin hoto yanzu ai ba aiki ba ne, danna abu ne kawai inji ya turo takarda. Ni ma na so a ce haka ne, da gwiwata ta huta. To, ku saurara.

Hoton farko da na wanke da hannuna na wata tsohuwa ne, tana zaune bisa tabarma da carbi. Mijina Malam Sada, Allah ya jiƙan shi, shi ne mai hoto, kuma a lokacin akwai gidaje da yawa da namiji ba ya shiga. Matan ciki na son hoto, maigida ba ya son a gane mashi iyali. Sai Malam ya rataya mani kyamara a wuya, ya ce in shiga in ɗauko. In na dawo mu shiga ɗakin duhu na bayan gida, jan ƙwan lantarki na ci, farantan ruwan magani a jere. Na tsoma takarda, tsohuwar ta fara fitowa a hankali kamar mai tahowa daga nesa. Na kafa ido a fuskarta. Malam ya ce, "Ba nan za ki duba ba. Fuska tana ruɗin mai wanki, don yana son ta yi kyau. Dubi farin mayafinta. In fari ya fito fari, baƙi ya fito baƙi, fuska za ta bi su." Kyamarorinshi duk sun mutu, farantan sun zama na ban ruwan kaji, amma wannan maganar har yau da ita nake buɗe shago.

Da hoto mai kala ya zo, ba mu da injin wanke shi. Ana ba direba fim ya kai birni, a dawo mana da hotuna cikin ambulan. Aikina shi ne in baza su a tsakar gida, a inuwa, in ware. Wannan fuskar ta yi kore, a mayar. Wannan lallen ya koma kamar tsatsa, a mayar. Masu wankin can har suna aiko da gaisuwa ga matar nan mai mayar da kaya. A nan idona ya koyi launi, kamar yadda harshen mai tuwon sayarwa ke koyon gishiri.

Aikin farko da muka yi da kwamfuta na wani anko ne. Malam ya rasu, fim ya ɓace a kasuwa, Murja ta je ta koyo kwamfuta, muka sayar da tumaki muka kafa kaya: kwamfuta, firinta mai fitar da hoto, da sikana mai ɗaukar tsohon hoto ta sa shi ciki. Ƙawayen wata uwar amarya suka yi anko da atamfa koriya shar. A gilashin kwamfuta koriya ce, ba shakka. Da takarda ta fito, sai ga mata sanye da wani abu tsakanin kore da ruwan bula. Hajiyar da ta zo karɓa ta ɗaga hoton, ta ɗaga gefen zanenta, ta ce, "Iya, mu da muka sha rigima kafin mu yarda da atamfar nan, ke kuma kin zo kin ɗinka mana wata?"

Murja ta ƙara kore a gilashi, muka sake. Atamfa ta gyaru, fuskoki suka fito kamar an dafa su da kuka. Ta rage, atamfa ta sake gudu. Muka ɓata takarda har kwandon shara ya cika. Ni na san abin da ya karkace, ban san inda ake kama shi ba. Ita ta san wurin dannawa, ba ta san me ya sa gilashi da takarda suke musu ba.

Wanda ya raba mana gardamar wani Injiniya ne daga Kaduna, mai yawo shago-shago yana daidaita injuna. Ya fito da wani ɗan abu baƙi mai igiya, kamar kwaɗo, ya rataye shi a fuskar gilashi. Launuka suka riƙa wucewa ƙarƙashinshi, ja ya wuce, kore ya wuce, fari ya wuce. Na ce, "Injiniya, kwaɗon nan me yake ci?"

Ya yi dariya, ya ce, "Awo yake, Hajiya. Bari in tambaye ki. Tiyar da ɗan sari ke sayen gero da ita, da wadda yake sayarwa da ita, ɗaya ce?"

Na ce, "Sunan dai ɗaya ne."

Ya ce, "To haka injunan nan suke. In kin ce ja, gilashi yana da tiyarshi ta ja, firinta tana da tata, sikana tana da tata. Kowa ya ce tiya ɗaya ya zuba, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Abin da zan yi shi ne in auna tiyar kowannensu, in ajiye awon cikin kwamfuta. Wannan awon shi ake kira furofayil. Kwamfuta ta duba shi, ta san nawa za ta ƙara wa wannan, nawa za ta rage wa wancan."

Na ce, "Ashe ma'auniya ce muka rasa."

Ya ce, "Ita kau."

Ya buga wata takarda cike da ƙananan gidaje na launi kamar dara, ya auna ta ita ma. Sannan ya faɗi abin da ya fi ba ni mamaki, cewa firinta ɗaya ba awo ɗaya gare ta ba. Takarda mai sheƙi da tata tiyar, marar sheƙi da tata, in aka canza tawada komai ya tashi. Ranar muka sake wanke hoton anko. Hajiya ta ɗora gefen zanenta bisa takarda, ta daɗe tana kallo, ta ce a ƙara mata na kowace ƙawa.

Yanzu za ku ce, wadda ba ta karatu ya take shiga cikin kwamfuta ta zaɓi awo? Murja ce ta yi dabara. Sunayen awon dogaye ne kamar layin tururuwa, sai ta sa wa kowanne lamba a farkonshi, don lamba na sani tun daga waya. Ɗaya na gilashi. Biyu na takarda mai sheƙi. Uku na marar sheƙi. Akwai wani ɗaki a cikin kwamfuta inda ake raba wa injuna awonsu. In na shiga, sama akwai wurin zaɓen inji, sai in zaɓi firinta, in tabbatar ɗan akwatin da ke cewa a bi tsarina yana da alama, in ja mawus, ɗan abin nunin nan na hannu, bisa lambar da nake so, in danna maɓallin ƙasa na dama. Wannan dannawar ita ke sa shi kan gaba, wato shi inji zai riƙa ɗauka kullum in ba a ce mashi komai ba. Ku riƙe wannan na kan gaba, don a kanshi labarin saniya ya rataya.

Ku dubi bangon shagon nan. A da shuɗi ne, ni na sa aka shafe shi da ruwan toka. Labulen taga ma haka, hijabin aikina ma haka. Ba takaba nake yi ba. Wata rana na zauna da jan hijabi, duk hotunan da na gyara suka fito da sanyin launi, don jan jikina ya haska gilashi, idona ya ce ja ya yi yawa, na rage abin da bai yi laifi ba. Gilashi kuma ba a gaskata shi da an kunna, sai ya ɗumama kamar tanda. Akwai kuma zubin gishiri biyu: manhajar gyaran hoto ta auna launi, firinta ma ta ce sai ta auna, a haɗu a lalata miya. Ɗaya ake bari ya auna, a hana ɗayan. Wani lokaci kuma kwamfuta ta sabunta kanta ba da shawarar kowa ba, ka wayi gari ta ture awonka ta sa nata kan gaba, ba ta ce maka uffan ba. Shi ya sa kowace safiya, bayan bisimilla, ɗakin awo nake fara leƙawa.

Sai lamba huɗu. Wannan na amare ne, kuma ba wani shagon hoto a ƙasar nan da ba shi da irin shi, wanda ya ce maku ba shi da shi ku duba da kyau. Amarya ba ta zuwa neman gaskiya. Tana son haske, tana son lalle ya yi ja, tana son ɗan baƙin da rana ta bar mata a kunci ya kwanta. Mun roƙi Injiniya ya karkata mana awo ɗaya da gangan, ya ɗaga haske ya tausasa duhu. Ba laifi ba ne, kwalliya ce, kuma mai ita ta san an yi mata. Abin da na kafa doka a kai shi ne, da amarya ta fita ƙofa, a sauke huɗu a mayar da biyu kan gaba. Shaguna da yawa ba sa saukewa, don kusan duk aikinsu na biki ne, kuma ba wanda ya taɓa dawo da hoto don an ƙara mashi haske. Shi ya sa za ka ga hoton dattijo mai furfura ya fito yana ƙyalli kamar ranar kamu.

Shekarar da ta fi mana wuya ita ce wadda ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyuka. Biki ya koma ɗaurin aure a watse, ba mai kiran mai hoto. Takardar da muka saba da ita ta daina zuwa, tawada ta asali ta fi ƙarfinmu, muka koma ta ɗure. Duk awon da muke taƙama da shi ya zama na wasu injunan da ba namu ba, fuskoki suka koma fitowa toka-toka kamar an tashi daga jinya. Injiniya ya ce ba zai iya biyo hanya ba. Muka buga takardar darar nan da sabuwar tawada, muka bar ta ta bushe, muka sa ta tsakanin kwali biyu, muka ba wani direba amana. Injiniya ya auna ta can, ya turo awon ta waya, Murja ta zuba shi a kwamfuta ta sa mashi lambarshi. Har kwaɗon ma daga baya ya sayar mana da tsohon nashi. Da haka muka tsaya da ƙafafunmu, da hotunan fasfo da na 'yan makaranta, har aka fara samun sauƙi.

A ƙarshen wannan shekarar Shatu ta zo. Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Ɗantutture, baƙa, doguwa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ƙanenta Buba, mai kabu-kabu a Karofi, shi ya kawo ta. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Sannu Inna. Ke ce mai gyaran hoto?"

Na ce, "Ni ce mai wankin hoto. Gyara kuma sai na ji irin shi. Shigo, 'yar nan."

Ta kwance wani hoto daga bakin zane. Mace ce a ciki, fara sol, da shuɗin mayafi mai jan baki, tana tsaye kusa da wata saniya mai launin shayi da ya sha madara.

Na ce, "Wannan wace Balarabiya ce?"

Ta ce, "Wai ni ce, Inna. Ni ma da aka miƙo mani sai da na juya bayan takardar, ko tawa tana can."

Sai ta ba ni labari. An kore masu shanu duka. Daga baya jami'an tsaro suka ƙwato wasu, aka tara su a wani fili a Kurfi, aka ɗora wa dattawa aikin mayar wa kowa nashi. A ciki ta ga saniyarta, ja mai duhu kamar makuba, da wani baƙin tabo bayan kafaɗa kamar sawun yatsu uku. Ita kaɗai ta dawo cikin nasu, kuma da nononta ta saba ciyar da yaran. Amma ɓarayi sun sake yanke mata kunne, alamar gidansu ta tafi. Wani Alhaji Mamman, manomi, shi ma an kore mashi jar saniya, ya ce ita ce, ya kawo masu shaida. Shatu ta faɗi tabon, aka ce kowa ya ga saniyar a fili, kowa na iya faɗin tabonta. Sai ta tuna akwai hotonta da saniyar a wayar Buba, wanda aka ɗauka tun kafin satar. Wayar ƙarama ce, gilashinta bai fi akwatin ashana ba, kuma ya tsage. Suka shiga wani shago aka wanke masu, suka kai wa dattawa da murna.

Ta ce, "Malam Lawal, shugaban zaman, ya dubi hoto ya dubi saniya. Ya ce, ɗiyata, ke kin ce ja mai tabo, hotonki ya ce fara-fara marar tabo, wa za mu bi? Da na san hoton zai ba da shaida a kaina, Inna, da ban kai shi ba. Sun ba ni zuwa ranar kasuwa. In ban kawo wani abu ba, Alhaji zai ja ta."

Ban buƙaci a gaya mani ba. Awon amare aka bari kan gaba, aka yi wa saniya kwalliya, aka share mata tabo kamar yadda ake share na kunci.

Na ce, "Mayafin nan na cikin hoto yana nan?"

Ta ce, "Yana cikin kwalla. Sai biki nake sa shi."

Na ce, "Je ki kawo shi. Kada ki wanke, kada ki shanya a rana."

Washegari da hantsi ta dawo da shi. Murja ta zuba hoton daga wayar Buba, na ja labule, muka rataya kwaɗo ya sake auna gilashi. Na shiga ɗakin awo na tabbatar biyu ne kan gaba, na tabbatar firinta ba za ta zuba nata gishirin ba. Sannan na yanki kwali na manna bisa gilashi, na rufe saniyar gaba ɗaya.

Buba ya ce, "Iya, ai ita muka zo gani."

Na ce, "Shi ya sa na rufe ta. An gaya mani ja ce kamar makuba. In ina kallonta, hannuna zai bi kunnena, in yi maku saniyar da kuke so. Mayafin nan shi ne ba ya son kowa."

Tun asali an ɗauki hoton da la'asar, rana ta zuba wa komai ruwan ɗorawa, wayar kuma ta ƙara nata. Na riƙa janye wannan rawayar daga hoton duka, ba daga wuri ɗaya ba, ina buga ɗan yankin da mayafi yake, in fita bakin ƙofa a inuwa in ɗora shi bisa mayafin gaske. Shuɗin ya zo, jan bakin bai zo ba. Na koma. Jan ya zo, shuɗin ya ɗan yi sanyi. Na koma. In kwamfuta ta fito da wani rubutu da ban saba gani ba, Murja ta karanta mani, mu yanke shawara. Har aka kai inda na ɗora takarda bisa zane, idona ya rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Sai na cire kwalin, na buga hoton duka a babbar takarda.

Firinta ta riƙa turo shi a hankali, ƙaho ya fito, wuya ya fito, kafaɗa ta fito. Ja mai duhu, kuma ga yatsu uku nan kwance bayan kafaɗa. Shatu ta matso. Ta ɗora tafin hannu kusa da takardar, ta yi 'yar ƙarar nan da suke yi da harshe in suna kiran dabba.

Ranar kasuwa na ce da ni za a je. Murja ta ce gwiwa fa, na ce gwiwa ta yi haƙuri. Muka shiga motar Kurfi da hotuna biyu da mayafi. Dattawa na zaune gindin itacen bedi, Malam Lawal a tsakiya, Alhaji Mamman a gefe da mutanenshi. Muka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali. Na roƙi a kawo saniyar inuwa, a goge mata ƙura da busasshen tsumma, ba da ruwa ba, don jiƙaƙƙen gashi duhu yake ƙarawa. Ta rame, ƙashin baya duk a waje, amma launi ba ya ramewa.

Na shimfiɗa mayafi bisa tabarma na ɗora sabon hoto a kai. Na ce, "Malam, kada ku fara da saniya. Ku dubi zanen nan, ku dubi na cikin hoto. In sun yi daidai, to awon da ya auna zane shi ya auna saniya." Suka sunkuya, aka miƙa wa wannan, aka miƙa wa wancan. Sannan Malam Lawal ya tashi da kanshi ya kai hoton jikin saniyar.

Alhaji Mamman ya gyara murya. Ya ce, "Hajiya, ba raini ba. Amma kwamfutar nan an ce har gemu tana sa wa mace. Wa ya shaida ba ke kika ɗiga tabon nan ba?"

Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji, tana iyawa, ni ma na iya. Shi ya sa ban zo da hoto ɗaya ba." Na fito da na farkon. Na ce, "Malam, wannan kun san shi?"

Malam Lawal ya juya shi ya ce, "Na san shi. Ga ma shaidar gorona nan a gefe."

Na ce, "An wanke shi tun ban san Shatu ba, a shagon da ba nawa ba. Awon amare aka sa mashi, shi kuma kwantar da tabo yake, ba ya kashe shi. Alhaji, karɓi da hannunka. Ka juya wa rana baya, ka dubi bayan kafaɗa, daidai inda yake a sabon."

Ya karɓa. Ya kai shi kusa da ido, ya nisanta, ya karkata shi. Ni na san tabon yana nan, don na gan shi tun a shago, wata 'yar inuwa mai rassa uku wadda ba mai lura da ita sai wanda aka nuna wa wurin. Ya daɗe. Sannan ya miƙa wa Malam hoton.

Alhaji ya ce, "Yana nan. Tawa ba ta da wannan. Tun ranar da na gan ta nake gaya wa raina ko dauɗar daji ce." Ya juya wurin Shatu ya ce, "Ja abarki, ɗiyata. Ki yafe mani tsayuwar da na sa ki."

Ta ce, "Ba komai, Baba. Allah ya mayar maka da taka."

Muka ce amin gaba ɗaya. Malam Lawal ya sa aka miƙa mata igiya. Da za mu tashi ya ce, "Hajiya, wai da gaske saniyar nan kwalliyar amare aka yi mata?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To Allah ya sa ba a kai mata lefe ba." Har Alhaji Mamman sai da ya murmusa.

Shi ne kuma mutum na farko da ya zo shagona bayan haka, da hotunan shanun huɗar da ya saya daga baya. Na ce ya koma ya sake ɗauka, a inuwa, kowane sa ta gefe biyu, da hula ko zane a kusa wanda za a adana ba a sawa. Daga shi magana ta bazu. Yau akwai mutanen Karofi da na Ɗantutture da ke da hoton kowace dabba tasu cikin leda, da ɗan ƙyallen shaida a naɗe tare. In sun shigo sukan ce, "Iya, da na gaskiya za a wanke, ba na amare ba."

Bayan damina biyu Shatu ta dawo, da man shanu a ƙwarya da wayar Buba a hannu. Saniyar ta haihu. Murja ta buɗe hoton a gilashi, muka matso muna kallo. 'Yar maraƙa ce, launin shayi da ya sha madara, ba tabo ko ɗaya a jikinta. Sai da na leƙa ɗakin awo don in tabbatar ba wanda ya taɓa mani kaya.

Shatu ta ce, "Kada ki wahalar da kanki, Inna, haka take. Ita ce wadda aka wanke mana a wancan shagon, sai yanzu ta iso. Amarya muka sa mata."

Murja ta ce, "To Iya, da wace lamba za a wanke amarya?"

Na ce, "Da biyu. Wannan an gama mata kwalliya tun daga ciki."

Ga su can a bango, uwa da ɗiya, kusa da gilashi. Iyakar labarin ke nan, ban ƙara mashi haske ba. Wanda ke son koyo ya zo gobe da hantsi da riga mai ruwan toka, kuma kafin ya danna komai, ya fara gaya mani lambar da ke kan gaba.